Masu Wasa Da Ruwa Sun Fi Mu Tsoron Ruwa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili, ko da zai ɗan yi tsawo, in faɗi ra'ayina a kan wani wasa na ƙasashen waje wanda hotunansa suka cika wayoyin yaranmu, har ya zama abin musu a majalisu da rumfunan kasuwa. Wasan kuwa shi ne na shiga kwalekwalen roba a bi kogin da ke gangarowa daga duwatsu, inda ruwa ke gudu yana dukan dutse yana kumfa. Turawa na kiran irin wannan ruwa farin ruwa, saboda in ka dube shi fari fat yake kamar an kaɗa nono. Yawancin mutanenmu in sun gani sai su ce hauka ce, ƙoshi ne ya yi wa masu kuɗi yawa har suke sayen mutuwa da kuɗinsu. Ni kuwa ra'ayina daban ne. Ina ganin waɗannan mutane sun fi mu tsoron ruwa nesa ba kusa ba, kuma mu da muke shiga jirgi a kan dole, don kasuwa da gona da biki, ya kamata mu tsaya mu dubi yadda suke yi kafin mu yi musu dariya.

Bari in fara da bayanin abin, don waɗanda ba su taɓa gani ba. Kwalekwalen nan na roba ne mai kauri, ana hura masa iska kamar tayar mota, tsawonsa kamar mita 4 zuwa 5. Cikinsa an raba shi ɗaki ɗaki, ta yadda in dutse ya huda wuri ɗaya sauran za su riƙe shi a saman ruwa. Ƙasansa akwai ƙofofi da ruwan da ya watso ciki ke fita da kansa, ba sai an tsaya kwarfa da ƙwarya ba. Mutum 6 zuwa 8 yake ɗauka, kowa da filafilinsa a hannu, sai jagora ɗaya da ke zaune a baya yana ba da umarni. In ya ce a ja gaba sai a ja, in ya ce a ja baya sai a ja, in ya ce kowa ya durƙusa ya riƙe igiya, to ba wanda zai tsaya tambayar dalili, ko da kuwa shi ne mai kuɗin garinsu.

Asalin abin ba wasa ba ne. A shekarar 1869 wani tsohon soja Ba'amurke mai suna John Wesley Powell, wanda ya rasa hannu ɗaya a yaƙin basasar ƙasarsu, ya ɗauki mutum 9 da jiragen katako 4 don su gano yadda kogin Kolorado ya ratsa babban kwazazzabon nan da ake kira Grand Canyon. Sun yi wata 3 a hanya. Jirgi ɗaya ya farfashe a kan duwatsu tun da wuri tare da abincinsu mai yawa, mutum ɗaya ya janye, wasu 3 kuma suka ce ba za su ƙara shiga ruwan ba, suka hau tudu da ƙafa, ba a sake ganinsu ba. Mutum 6 ne suka kai ƙarshe. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da sojoji suka yi gwanjon jiragen robarsu, wasu suka saya suka fara ɗaukar 'yan yawon buɗe ido don kuɗi. Daga nan abin ya bazu. Yanzu ana yin sa a Nepal da Indiya inda koguna ke saukowa daga duwatsun Himalaya, ana yi a Turai, ana yi a kogin Tana na ƙasar Kenya, har an kafa ƙungiyar wasan ta duniya a 1997, ana kuma yin gasa.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne na kogin Zambezi, domin a nan Afirka yake, tsakanin Zambiya da Zimbabwe, kuma da yawa daga jagororin baƙar fata ne irinmu, 'ya'yan ƙauyukan wurin. A nan kogin ke faɗowa daga kan dutse mai tsawon sama da mita 100, faɗinsa kuma ya fi kilomita ɗaya da rabi. Mutanen wurin na kiransa da sunan da ke nufin hayaƙi mai tsawa, Turawa kuma suka sa masa sunan sarauniyarsu Biktoriya. Duk wannan ruwa sai ya matse a cikin wani siririn kwazazzabo mai suna Batoka, ya riƙa gudu kamar an koro shi. A 1981 aka fara bin wannan wuri da kwalekwalen roba. Wuraren da ruwan ke hauka a cikin tafiyar yini ɗaya sun fi 20, kowanne an ba shi lamba da suna, na farkon ma Tukunya Mai Tafasa ake ce masa. Mutum zai biya sama da dala 100 don yini guda, ya sauka cikin kwazazzabon da ƙafa, in an gama kuma ya hauro da ƙafa yana haki, samarin ƙauye na ɗauke da jiragen da kayan aiki, da haka suke ci da iyalinsu.

To, ga inda maganata take. Waɗannan mutane da ake ce musu mahaukata sun zauna sun auna ruwa, sun raba shi mataki 6. Mataki na ɗaya ruwa ne mai tafiya a hankali wanda ko yaro zai bi. Na uku yana da manyan igiyoyi, sai da gwani. Na biyar kuwa mai tsanani ne ƙwarai, kuskure kaɗan jirgi ya kife. Na shida shi ne wanda suka yarda cewa ba a shigar da fasinja cikinsa, komai gwanintar jagora. A kogin Zambezi wuri mai lamba 9 haka yake. In an iso gabansa sai a tsaya a gefe, kowa ya fito ya taka duwatsu da ƙafa, a wuce da jirgin babu fasinja, sai an wuce wurin a sake shiga. Sunan da suka ba shi ma yana nufin cewa duk kamfanin da ya shigar da mutane a nan ya kashe kasuwarsa da hannunsa. Haka kuma in ruwa ya cika sosai bayan damina, sukan daina farawa daga sama, in ya ƙara cika su rufe wasan gaba ɗaya na wasu makonni, duk da cewa ga baƙi nan da dala a hannu suna jira. Jama'a, mahaukaci ne zai ga kuɗi ya ce yau ruwa ya fi ƙarfina, a dawo wani watan?

Kafin a taɓa ruwa ma sai an yi zama. Jagora zai tara fasinjoji a bakin kogi ya yi musu karatu. Kowa sai ya sa rigar ruwa, wato rigar nan mai soso da ke hana mutum nutsewa, da hular kwano saboda duwatsu. Kuma ba rataya ta kawai za ka yi ba, jagora zai zo ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga sama, in ta zame ta rufe maka kunne sai ya ƙara ɗaure ta har ka ji numfashinka ya matse. Sannan ya gaya maka abin da za ka yi in ka faɗa ruwa, domin su ba sa cewa Allah ya kiyaye kawai su yi shiru, sun ɗauka cewa faɗawa za a yi. Ka kwanta rigingine, ƙafafunka a sama suna fuskantar inda ruwa ya nufa, don in za a yi karo da dutse ƙafa ta fara isa kafin kai. Kada ka kuskura ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu ko da iyakarsa ƙugu, don in ƙafarka ta maƙale tsakanin duwatsu, ruwan zai kifa ka ya danne fuskarka ciki, ko ƙato ne kai ba ka tashi. Ka guji itacen da ya faɗo cikin kogi, domin ruwa na wucewa ta tsakanin rassansa, mutum kuwa ba ya wucewa. In za ka ceto ɗan'uwanka, ka kama kafaɗar rigarsa ka koma da baya da nauyin jikinka, kada ka ja shi ta hannu. In an jefo maka igiya ka riƙe ta a ƙirji, kada ka naɗa ta a wuya ko a hannu. Bayan duk wannan, akwai wasu gwanaye a cikin ƙananan kwalekwale masu cin mutum ɗaya, su ne ke fara wucewa su tsaya a ƙasa suna jiran wanda ruwa zai kawo. Yaron da bai kai shekara 15 ba ba sa ɗaukarsa a babban ruwan Zambezi, wanda ya sha giya ma haka. Shi ya sa za ka ga a hoto jirgi ya kife, mutane sun watse kamar an zubar da gyaɗa, amma bayan ɗan lokaci an tsince su duka an ƙirga, an juya jirgin, an ci gaba da tafiya suna dariya.

Ban ce ba a mutuwa a wannan wasa ba. Ana mutuwa. A watan Oktoba na 2018 a ƙasar Kosta Rika jirage 3 suka kife a kogin Naranjo, Amurkawa 4 da jagora ɗaya suka rasu, a lokacin da ruwan sama ya cika kogin. Ruwa ba sa'an kwando ba ne ko a ina, kuma ranar da aka raina shi sai ya nuna halinsa. Amma ka lura, mutum 5 ne, aka yi ta maganar a duniya, hukuma ta shiga bincike. Mu kuwa a nan in aka ce mutum 5 sun nutse, wani ma cewa zai yi an yi sa'a abin ya zo da sauƙi.

Akwai masu cewa ko ma yaya ne, jefa rai cikin haɗari don nishaɗi bai dace ba, kuma ɓarnar dukiya ce. Wannan hukunci na bar wa malamai, su suka san shi. Ni kaina ko an biya mini ba zan je in shiga ba, kuma ba zan ba ɗana shawarar ya je ba. Sai dai in tuna mana cewa mu ma muna wasan ruwa. A Argungu, ban da su a kogin Matan Fada, akwai kabanci, inda ake tseren kwalekwale da ninƙaya da nutso da kamun agwagwar ruwa. A Yawuri akwai bikin Rigata. Muna da dambe da sukuwa da hawan ƙaho, duk ana karyewa a cikinsu. Saboda haka son gwada jarumta ba ciwon Turawa ba ne su kaɗai, ɗan Adam ne haka.

Irin wannan ruwa mai duwatsu ma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A kogin Kwara, wajen tsohon garin Bussa, akwai shi, a nan ne Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806 da jirginsa ya maƙale a duwatsu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye wurin da garin duka, aka tayar da mutane zuwa sabuwar Bussa. Irin haka ya faru a Yuganda, a garin Jinja inda kogin Nilu ke fitowa daga tabkin Biktoriya. An fara wasan a can a 1996, ya kawo baƙi da aikin yi, sai aka gina madatsar Bujagali a 2012 da ta Isimba a 2019, suka haɗiye da yawa daga wuraren da ake wasan. Ko a kwazazzabon Batoka an daɗe ana shirin gina madatsa, masu wasan na ta kuka. A nan kam in aka tambaye ni zan ce wutar lantarki ta fi wasa, in dai za a ba mutanen wurin wutar kuma a sama wa samarin nan wata sana'a. Wannan zance ne na wata rana. Abin da nake so a gane shi ne, tun da aka yi Kainji ruwanmu ya zama shimfiɗaɗɗe, mafi yawansa a ma'aunin waɗancan mutane ko mataki na biyu bai kai ba. Amma a kan wannan kwantaccen ruwa muke asarar rayukan da su ba sa yi a kan mahaukacin nasu.

Ba sai na yi nisa ba. A watan Mayu na 2021 jirgi ya tashi daga jihar Neja ya nufo Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, da mutum sama da 150, ya rabe a tsakiyar ruwa, kimanin 20 kawai aka ceto da rai. A watan Nuwamba na wannan shekarar, a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi. A watan Yuni na 2023 a Patigi ta jihar Kwara, 'yan biki ne suke dawowa cikin dare, sama da 100 suka tafi. A watan Satumba na 2024 a Gummi ta jihar Zamfara manoma ne irina masu tsallakawa gona. Ba a yi wata ɗaya ba, a farkon Oktoba, jirgi ɗauke da kusan mutum 300, mafi yawa mata da yara, ya kife da dare a yankin Mokwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri. In ka bi waɗannan labarai za ka tarar da dalilan kusan iri ɗaya ne: lodi fiye da kima, tsohon jirgin katako, tafiyar dare, kututturen da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, sannan babu rigar ruwa a jikin kowa.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce Malam, waɗancan dala suke biya, mu kuwa talakawa ne, kuɗin fito ma da ƙyar. Gaskiya ne, kuma ni ma albasa da shinkafa nake tsallakarwa kasuwa, na san yadda ƙarin naira ɗari a kan buhu ke cin ribar mutum. Na kuma san cewa a wurare da yawa babu gada, babu hanya, inda hanyar take kuma 'yan bindiga sun tare ta, shi ya sa mutane ke bin ruwa har da dare. Wannan nauyi ne a wuyan gwamnati, ba kuma za mu daina faɗa ba. Amma fisabilillahi a duba abubuwan da na lissafa na masu wasan nan, nawa ne a ciki ke cin dala? Ƙirga mutane kafin a tashi kyauta ne. Cewa jirgi ya cika, saura su jira sahu na biyu, kyauta ne. Cewa yau iska ta yi yawa ko rana ta faɗi, a kwana a nan, kyauta ne. Tsayawa minti biyar a gaya wa fasinja kada kowa ya ruga gefe ɗaya in jirgi ya karkata, shi ma kyauta ne. Rigar ruwa ce kaɗai ke son kuɗi, kuma wanda ya iya sayen inji ya ɗaura wa jirginsa, ba zai ce riguna sun gagare shi ba, ko da a hankali ne, goma yau goma gobe.

A ganina babban bambancin da ke tsakaninmu da su yana wurin yadda kuɗin ke shiga aljihu. Jagoran kwalekwalen roba an riga an yanka masa yawan mutanen da zai ɗauka tun daga ofis, wurin zama da filafili a ƙirge suke, in ya ƙara mutum ɗaya bai ƙaru da komai ba, in kuma wani abu ya faru takardar izininsa da ta kamfaninsa ce za ta tafi. Mai fito a wurinmu kuwa kowane kai kuɗi ne, kowane babur kuɗi ne, kowane buhu kuɗi ne, ga man fetur ya yi tsada, sahu biyu asara ce a wurinsa. Ka ga mutumin da aka bar wa hukuncin cewa ya isa haka, shi ne kuma wanda cikinsa ke ce masa a ƙara. Ko waliyyi ne sai ya yi fama da zuciyarsa. Shi ma fasinja yana da nasa. Ranar kasuwa in mai jirgi ya ce ya cika, sai ka ji ana haba Malam, mutum ɗaya ne fa, ga mara lafiya, ga hadari ya taso, wani ma ya haɗa shi da Allah da Annabi, wani ya ce don ya ga shi ba ɗan garin ba ne. A haka mutum ɗaya ke zama talatin, har ruwa ya zo daf da bakin jirgi, kana iya taɓa shi da yatsa kana zaune.

Saboda haka nake ganin maganin shi ne a cire wannan hukunci daga hannun mai jirgi. A kowane mashigi a samu mutum wanda ba ya cin ko kwabo daga yawan fasinja, shi zai ƙirga, shi zai ce a tashi ko a dakata. A rubuta wa kowane jirgi adadinsa da fenti baro-baro a jikinsa, a kuma ja layi a gefensa, in ruwa ya taɓa layin to an daina lodi, ko wanda bai yi makaranta ba zai gane wannan. A riƙa bin layi kamar yadda direbobi ke yi a tasha, don kada mai jirgi ya ji tsoron cewa in ya bar fasinja wani zai kwashe. Manyan kaya da dabbobi da babura su bi nasu sahun, mutane su bi nasu. Ranar kasuwa da ranar biki ko Mauludi a ajiye jirgi ɗaya babu kowa a ciki, da mai a injinsa da igiya da gwanayen ninƙaya biyu, kamar yadda waɗancan ke ajiye masu jiran tsammani a ƙasan ruwa. Kuma ba sai mun jira wani daga Abuja ya zo ya yi mana wannan ba. Muna da Sarkin Ruwa, muna da hakimai da dagatai, muna da ƙungiyar masu jirage. Tun kafin a san wata hukuma, Sarkin Ruwa ne ke cewa yau ba a shiga, kuma ba a shiga ɗin.

Maganar riga kuwa tana buƙatar wa'azi na musamman, domin ko inda aka raba ta kyauta sai ka tarar an jibge ta a lungun jirgi, ko an mai da ita matashin zama. Wani ya ce zafi, wani ya ce datti, wani ya ce shi ɗan ruwa ne tun yana yaro yake tsallake kogi da iyo, wani kuma ya ce sa ta rashin tawakkali ne. Mai cewa ya iya ruwa, ina so ya sani jagororin Zambezi sun fi shi iyawa, kullum a cikin ruwan suke, amma ba za ka taɓa ganin ɗayansu ba riga ba. Sun san cewa in kanka ya bugu ka suma, iyawarka ba ta da amfani. Kuma a jirgin da ya kife da mutum 100, gwanin ruwa ne ke fara shiga uku, domin duk wanda ke nutsewa shi zai cafke. Mai maganar tawakkali kuma, ina tambayarsa, kakanninmu masunta da suke ɗora ƙirjinsu a kan gora suna su da homa, kamar yadda har gobe ake gani a Argungu, su ba su yi tawakkali ba ne? Ai rigar nan gora ce aka ɗinka ta yadda ba za ta suɓuce maka ba. Manomin da ya ce ya dogara ga Allah ai ba ya barin gonarsa ba shinge a kan burtali. Ina roƙon limamanmu na garuruwan bakin ruwa su ɗauki wannan a huɗubar Juma'a, don maganarsu ta fi ta ma'aikacin gwamnati shiga kunne.

Sai kuma mata da yara, waɗanda su ne suka fi yawa a cikin gawarwakin da ake tsamowa. Mace ga zane ga hijabi ga goyo a baya, ba a koya mata iyo ba, in ta faɗa ruwa tufafin nan kaɗai sun isa su ja ta ƙasa. Rigunan da ake kawowa kuma yawanci na manya ne, in ka sa wa yaro sai ya zame ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Duk wanda zai sayo ko zai raba, don Allah ya tuna da ƙanana. Malaman Islamiyya da na boko kuma, kada a ƙara zuba yara a jirgi ɗaya don a rage kuɗin fito, a raba su sahu sahu, kowane sahu da babba a ciki.

Daga ƙarshe ina kira da babbar murya ga hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, mai hedkwata a Lokoja. Dokar hana tafiyar dare da ta wajabta sa riga suna nan a rubuce, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12, aka fara daga Minna. Mun gode, amma a raba 42,000 gida 12 a gani, 3,500 ke nan kowace jiha, alhali kasuwar bakin ruwa guda ɗaya tana iya tara fiye da haka a yini. A ƙaro, a kuma damƙa su a hannun ƙungiyar masu jirage da Sarkin Ruwa a rubuce, a riƙa zuwa ana ƙirgawa, kada su ɓace a gidajen 'yan siyasa. A sa alama a kan kututturan da ke cikin tabkin Kainji da sauran hanyoyin da jirage ke bi, masunta sun san inda suke ɗaya bayan ɗaya, a tambaye su. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma su ɗauki nauyin albashin mai ƙirga fasinja a kowane mashigi da man jirgin ceto na ranar kasuwa, a fara tun yanzu kafin ruwan bana ya cika.

  

Naku,
Wani manomi kuma ɗan kasuwa,
daga ƙasar Yawuri, jihar Kebbi.